Katin Moltres na Pokémon: Wanne Ya Kamata Mutumin Damagaram Ya Saya?

Ranar wata Juma'a bayan la'asar ɗan yayata ya faɗo gida yana haki, riƙe da wani kati mai ruwan zinari. "Kawu, ka ga Sulfura! Dala arba'in kawai na saye shi." Na karɓa na juya. Roba ce zalla, an buga hoton Moltres a kai, tsuntsun wuta na Pokémon da ake kira Sulfura da Faransanci, a sama kuma an rubuta ƙarfin ransa, wato yawan dukan da zai iya sha a wasa kafin ya faɗi, ya kai dubu tara. Katin wasa na gaske ko ɗari biyar ba ya kaiwa. Ban ce masa komai ba a ranar, don murnar da yake yi ta fi sefa 200 ɗin da ya kashe.

A makon ne kuma baffansa da ke aiki a Faransa ya kira, ya ce zai zo hutu, a faɗa masa wanda zai riƙo wa yaron. Ya shiga shago ya tarar da Sulfura iri-iri, wani bai kai kuɗin burodi ba, wani ya fi kuɗin tunkiya, kansa ya ɗaure. Da yake an san ina taɓa wannan harka, sai aka turo mini maganar. Abin da na tattara masa shi ne na faɗaɗa a nan, don na san ba shi kaɗai ba ne ya tsaya a wannan mararraba.

Tukuna, wane ne tsuntsun? Moltres shi ne na 146 a jerin halittun Pokémon, ɗaya daga cikin tsuntsayen almara uku: Articuno na ƙanƙara mai lamba 144, Zapdos na tsawa mai lamba 145, sai shi na wuta. Ƙarshen sunayen nasu ƙirga ce da Sifaniyanci, uno, dos, tres. A bugun Faransanci kuwa sunansa Sulfura, ƴan'uwansa Artikodin da Électhor, kuma da wannan sunan yaranmu suka fi saninsa. Wasan katin ya fara a Japan a 1996, ya fito da Turanci a 1999 ta hannun kamfanin Wizards of the Coast, wanda ya riƙe bugun har 2003. Daga lokacin zuwa yau an buga tsuntsun nan sau da yawa, shi ya sa "katin Moltres" ba abu ɗaya ba ne.

Ma'aunin da na ɗora su a kai

Na farko kuɗi, amma ba wanda aka rubuta a shafin mai sayarwa ba. Kuɗin da za ka kashe kafin katin ya shigo hannunka a Birni ko Zango ko Sabon Gari nake nufi, har da na aike da na wanda zai riƙo. Lissafin Yuro yana da sauƙi gare mu tunda a ɗaure sefa take da shi: Yuro 1 sefa 655.957 ne, ka ce 656. Yuro 20 ya ɗan haura jaka 13, Yuro 100 ya kusa jaka 66. Farashin katuna yana hawa yana sauka kamar na hatsi, don haka adadin da zan ambata kimantawa ce, ka sake dubawa ranar da za ka saya.

Na biyu ɗorewa, kuma a nan ne garinmu ya bambanta da inda ake buga katunan. Kati takarda ce, faɗinsa milimita 63, tsawonsa 88. Mai ƙyalli yana da wani siririn shafi na ƙarfe-ƙarfe manne da takardar. Takarda tana shan danshi ta kumbura, ta bushe ta tsuke, shi kuwa shafin ƙyallin ba ya motsi. Sakamakon haka katin ya lanƙwashe kamar ɓawon gyaɗa. Mu kuma a shekara ɗaya muna da bushewar hunturu da ke tsaga leɓe, da zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, da danshin Agusta. Ga ƙura, ga gara, ga rana da ke cinye jan launi da ruwan ɗorawa, su ne kuma launukan tsuntsun wuta.

Na uku sauƙin samu. Na huɗu kasada: jabu, ɓata a hanya, da faɗuwar farashi. Akwai kuma wata tambaya da na ajiye a gefe ina yi wa kowane zaɓi: in ka gaji da shi, wa zai saya a hannunka? Kati mai Yuro 150 a Jamus, in ka kai shi Kasuwar Dole, takarda ce mai hoto.

Na tebur, wato jabu

Da shi za mu fara, tunda shi ne a gabanmu. Ana samunsa a teburin masu kayan wasan yara da bakin makarantu, wani na takarda a ƙunshi, wani na roba mai ruwan zinari ko baƙi. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, samunsa ba wahala, kuma abin dariya, na robar ya fi na gaske jure wa hannun yaro da ruwan sama. In abin da ake so yaro ɗan shekara shida ya samu abin wasa da zai cusa a aljihu tare da alewa, ba ni da ta cewa.

Aibinsa shi ne ba ya da daraja ko ta sisi in an zo musaya, kuma rubutun da ke jikinsa sau da yawa shirme ne, ba a iya buga wasan da shi bisa ƙa'ida. Babbar kasadar ba a teburin take ba, don mai tebur bai ce maka na ainihi yake sayarwa ba. Tana wajen wanda zai ɗauki jabu mai kyau ya sa a leda ya ce maka daga Turai aka kawo masa. Ni ma an taɓa yi mini haka a Yamai shekarun baya, na biya jaka biyar, sai da na je gida na ɗora shi kusa da wani na gaske na ga shuɗin bayansa ya yi fari-fari kamar an wanke shi da omo.

Ga yadda nake dubawa yanzu. In haska fitilar waya ta bayan katin: na gaske yana da wani siririn shafi mai duhu a tsakiyar takardarsa, haske ba ya ratsa shi sosai, jabu kuwa yakan yi wayam kamar takardar littafi. In duba gefen katin da kyau, a na gaske ana iya hango wannan layin mai duhu tsakanin farare biyu. In duba kalmar Pokémon a jikin rubutun, ko akwai ɗan karan nan a kan harafin e. In duba harrufa, ko sun yi kauri ko sun dushe. Sannan in nemi lambar katin da ke ƙasa a intanet in gwada da hoton asali. Duk wannan bai kai a ɗora shi gefe da gefe da wanda ka tabbatar ba.

Sabon bugu mai arha

A watan Satumba na 2023 aka fitar da wani jeri mai suna 151, wanda ya bi halittun farko ɗaya bayan ɗaya bisa lambarsu. Shi ya sa Moltres na ciki yake da lamba 146/165, wato na 146 cikin katuna 165. Na ainihi ne, yana da ƙyalli, bakinsa ruwan toka ne mai sheƙi, don daga 2023 aka daina sa wa bugun Turai da Amurka bakin nan mai ruwan ɗorawa. An buga shi da yawan gaske, saboda haka a shafukan ciniki irin su Cardmarket yawanci ko Yuro ɗaya ba ya kaiwa. Kuɗin tambarin wasiƙa ya fi kuɗin katin.

Wannan shi ne zaɓin da na fi yawan nuna wa mutane, kuma shi ne wanda suka fi rainawa. Arharsa ce ke kare shi: ba mai ɓata lokaci ya yi maka dabara a kan katin sefa 500, in ya ɓace a hanya ba za ka kwana da ciwon rai ba, in ya lanƙwashe ka sa a kawo wani. Da Yuro biyar ana iya haɗo tsuntsayen wannan jerin da wasu katunan rakiya. Sai dai kar ka sa rai zai yi tsada wata rana. Abin da aka buga miliyoyi, kowa kuma ya adana nasa a leda, ba ya zama abin nema.

Tsohon bugu na 1999

Nan zan ɗan daɗe, don shi ne wanda zuciyata take so, shi ne kuma wanda ake yawan ruɗewa a kansa. A jerin da ake kira Fossil, wanda ya fito da Turanci a watan Oktoba na 1999 da katuna 62, Moltres ya fito sau biyu da zane ɗaya: mai ƙyalli lamba 12/62, marar ƙyalli lamba 27/62. Ƙarfin ransa 70 ne kacal. Yana da hari biyu. Ɗaya kana zubar da katunan makamashin wuta da aka ɗora masa, abokin karawarka ya zubar da katuna daidai wannan adadin daga saman tarinsa. Ɗayan yana yin ɓarnar 80, amma sai an jefa kwabo, in ya faɗi ta baya an yi aikin banza. Yaran yau da suka saba da katuna masu ƙarfin rai 300 dariya suke yi masa. Ba don wasa ake sayensa ba, tuni ya fita daga jerin katunan da ake yarda da su a manyan gasanni. Don tarihi ake sayensa.

Farashinsa hawa-hawa ne. Marar ƙyalli ƴan Yuro kaɗan ne. Mai ƙyalli na bugun gama-gari, in ya ɗan sha hannu, ana samunsa a ƴan gomomin Yuro ko ƙasa da haka. Sai mai hatimin bugun farko, wato ɗan baƙin da'ira mai lamba 1 da ke hagu a ƙasan hoton, wanda ke ninka kuɗin. A kula da wannan hatimin, domin akwai masu buga shi da kansu a kan katin gama-gari. Katin na gaske ne, hatimin ne na ƙarya, kuma gwajin fitila ba zai nuna maka komai ba. In ba ka iya bambance kaurin harrufan hatimin ba, ka bar bugun farko kawai.

Abin da ke yanka farashin tsohon kati shi ne lafiyar jikinsa. Katin da ya haura shekara 25 a duniya da wuya ka same shi garau. Ka nemi hoton bayansa kafin na gabansa, don a shuɗin baya ne ake ganin farin da ke fitowa a kusurwoyi da gefe. Ka ce a ɗauki hoton ƙyallin a karkace ƙarƙashin haske, a nan ƙarce-ƙarce ke bayyana. Mai sayarwar da ya turo hoto ɗaya tak daga nesa, akwai abin da yake rufewa.

Wajen ɗorewa, mai ƙyallin nan ne ya fi ba ni wahala. Wata shekara na bar nawa a aljihun tebur ba tare da matsewa ba, daga Disamba zuwa Fabrairu, da na ciro shi ya yi gwatso, in ka ajiye a tebur sai ya riƙa lilo. Sai da na sa shi a leda, na danne tsakanin littattafai masu nauyi na makonni kafin ya dawo hayyacinsa, bai ma dawo duka ba. Marar ƙyalli bai taɓa yi mini haka ba. Shi ya sa nake cewa ga mazaunin Damagaram, 27/62 ciniki ne mai kyau da ba a kula da shi: zane ɗaya, shekara ɗaya, tarihi ɗaya, kuɗi kaɗan, kuma ba ya faɗa da hunturu.

Akwai wasu tsofaffin na kusa da shi ga mai son faɗaɗawa: na kyauta mai lamba 21 da aka raba a gidajen sinima a shekarar 2000, da Moltres na Blaine (wani gwani a labarin Pokémon) da na Rocket (ƙungiyar miyagu a labarin) a jerin Gym Heroes na wannan shekarar. Hukuncinsu ɗaya da na Fossil.

Masu zane na musamman

Waɗannan su ne suke cika ido, hoton ya mamaye katin baki ɗaya, in ka shafa da yatsa ka ji zane-zane a jikinsa kamar na ɗan yatsa. Uku aka fi nema. Akwai wanda ya haɗa tsuntsayen uku a kati ɗaya mai ƙarfin rai 300, daga jerin Hidden Fates na 2019, wanda Faransawa ke kira Destinées Occultes. Bugunsa mai lamba SM210, da aka zana kamar tagar gilashi mai launuka, a cikin akwati na musamman ya fito. Akwai Moltres na Galar (wani yanki a duniyar Pokémon), baƙi mai jan harshen wuta, a jerin Chilling Reign na 2021, ko Règne de Glace da Faransanci. Shi wannan ma ba a rukunin wuta yake ba, na duhu ne, kuma bugun da ake rububi shi ne 177/198. Sai na baya-bayan nan, Moltres na Team Rocket a jerin Destined Rivals na 2025.

A kula da abu ɗaya: kowane ɗayansu yana da bugu na yau da kullum mai arha da bugu na musamman mai tsada, suna ɗaya, ƙarfi ɗaya, zane da lamba ne suka bambanta. Moltres na Galar na yau da kullum ƴan Yuro kaɗan ne, amma 177/198 yakan haura Yuro 100, wato sama da jaka 65. In ka aiki mutum ka ba shi suna kawai ba lamba, ko dai ya kawo maka wanda ba ka so, ko ya biya abin da ba ka shirya ba.

Kasadar wannan rukuni ta fi ta kowa. Su masu jabu suka fi kwaikwayo, tunda nan kuɗin yake, har da masu ƙoƙarin kwaikwayon zanen da ake ji a yatsa. Farashinsu kuma yayi yake bi. A shekarun korona, 2020 da 2021, katunan Pokémon sun yi tashin gwauron zabi, har aka sayi wani katin Pikachu, wata halittar Pokémon, a kan sama da dalar Amurka miliyan 5 (dalar Amurka fa, ba tamu ta sefa biyar ba), daga baya da yawa suka sauko, wasu suka sake hawa. Wanda yake Turai zai iya sayar da nasa cikin kwana biyu in ya ga iska ta juya. Kai da kake nan, kafin ka samu mai tafiya kasuwa ta riga ta tashi.

Wanda aka tantance aka rufe

Wannan ba wani kati daban ba ne, kowane daga cikin na sama zai iya zuwa a haka. Akwai kamfanonin da ake aika wa kati su duba sahihancinsa, su ba shi maki daga 1 zuwa 10, su rufe shi ruf a cikin gidan roba mai tauri da lamba a goshi. Wanda ya fi suna shi ne PSA na Amurka, akwai Beckett da CGC, a Faransa kuma akwai PCA. Ana iya shigar da lambar goshin a shafin kamfanin a ga ko ta dace da katin.

A ɗorewa babu kamarsa: ƙura ba ta shiga, hannu ba ya taɓawa, katin ba ya samun filin lanƙwashewa. Amma ba a ce ruwa ba zai iya shiga ba in ya nutse, rana ma tana iya dusar da launi ta cikin robar, don haka ba abin rataye wa a bangon shago ba ne. Tsadarsa ce matsala. Tantancewar kaɗai takan ci Yuro 15 zuwa 30 ko fiye ga kati ɗaya, ban da aike, sannan tazarar da ke tsakanin maki 8 da maki 10 tana iya ninka farashi sau da dama, alhali idonka ba zai ga bambancin ba. Gidan robar ma ana yin jabunsa, a kwafi lambar wani katin na gaske a liƙa.

Shawarata a nan biyu ce. Kar ka yi tunanin aika katinka daga Damagaram a tantance shi a dawo maka da shi. Tafiya biyu ce ta ƙetare da watanni na jira a kan takarda guda. In kuwa za ka sayi wanda aka riga aka rufe, nemi mai maki 6 ko 7 na tsohon bugu. Masu neman riba ba sa kallonsu, farashinsu bai yi nisa da na buɗaɗɗe ba, kai kuma ka samu abu biyu da ka fi buƙata: tabbacin na gaske ne, da kariya daga yanayinmu.

Ƙunshin da ba a buɗe ba kuwa, ban sa shi a lissafi ba. A Faransa ƙunshi ɗaya mai katuna goma yana kai Yuro 5 zuwa 6, kusan jaka huɗu, kuma ba ka san abin da ke ciki ba. Mai neman kati ɗaya takamaimai ta wannan hanya zai iya buɗe ɗari bai same shi ba. Iyaye da malamai da suke ƙyamar harkar, yawanci a nan suke kafa hujja, cewa ta yi kama da caca, kuma yana cikin dalilan da Saudiyya ta bayar lokacin da ta haramta Pokémon a 2001. Sayen kati ɗaya da ka gani ka sani, a farashin da aka yi ciniki, ya fitar da kai daga wannan. Ga wanda wasan kawai yake so, akwai manhajar waya ta Pokémon TCG Pocket da ta fito a Oktoban 2024, da Moltres a ciki. Ba gara, ba ƙura, sai dai kuɗin intanet, kuma ba abin da za ka riƙe a hannu.

Ga su a jere:

| Zaɓi | Kuɗi | Ɗorewa a nan | Sauƙin samu | Kasada |
|---|---|---|---|---|
| Jabu na tebur | Sefa ƴan ɗaruruwa | Na roba yana jurewa | A gari | Ba daraja, ba musaya |
| 151, lamba 146/165 | Ƙasa da Yuro 1, ban da aike | Yana lanƙwashewa in ba leda | Sai an riƙo | Kaɗan ƙwarai |
| Fossil 27/62 marar ƙyalli | Ƴan Yuro kaɗan | Mai kyau | Sai an riƙo | Lafiyar jiki |
| Fossil 12/62 mai ƙyalli | Ƴan gomomin Yuro. Bugun farko ya ninka | Yana son kulawa | Sai an bincika | Ƙarce, hatimin ƙarya |
| Zane na musamman | Daga gomomi zuwa sama da Yuro 100 | Yana son kulawa | Akwai, da tsada | Jabu, faɗuwar farashi |
| Tantacce a rufe | Kuɗin kati da ƙari mai yawa | Mafi kyau | Daga ƙetare kawai | Jabun gida, kuɗi a ɗaure |

Harshe da hanya

Kowane kati na sama yana zuwa da harsuna daban-daban. Na Faransanci za ka ga an rubuta PV a inda na Turanci ke da HP, wato ƙarfin rai. Ga yaron da ke karatu da Faransanci, shi ya fi, don zai karanta abin da ke jiki ya fahimta, ba hoto kaɗai zai kalla ba. Na Turanci ya fi yawan masu saye a duniya, kuma in kana da hulɗa da Kano, can ma shi za a fi ganewa. Na Japan bayansa daban ne da na sauran, kar ka gan shi ka ce jabu ne. Bugunsa yana da tsafta, sababbinsa sukan fi arha, amma ba a cakuɗa shi da na Turai a tarin wasa ɗaya tunda za a gane shi ta baya.

Hanya kuwa, gaskiyar magana ita ce mutum ya fi wasiƙa. Masu sayarwa da yawa a Cardmarket da eBay cikin Turai suke aikawa, don haka abin da ya fi sauƙi shi ne a saya a kai gidan ɗan'uwa a Faransa ko Beljiyam, shi ya duba, ya riƙo in zai zo. Daga Yamai zuwa nan kusan kilomita 900 ne a mota, katin zai kwana cikin jaka tsakanin takalma da kwalaben turare. Ka roƙe shi ya sa a ledar kati mai laushi, sannan a cikin gidan roba mai tauri, ya ajiye a jakar hannu. Ka ce ya haɗo da ledojin da yawa, arha ne can, nan kuwa nemansu aiki ne. Ledar ta zama wadda ba ta da sinadarin PVC, don irin waccan tana manne wa kati in zafi ya yi.

In ya iso, gwangwani mai murfi ya wadatar. Jefa ƴan ƙullin nan na shan danshi da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi, ka ajiye a ɗakin da ya fi sanyi, sama da ƙasa saboda gara, nesa da kwanon rufi. Kar a ɗaure katuna da robar ɗaure kuɗi, tana cin gefe, in ta ji zafi kuma ta narke a jiki.

To, wa ya dace da wanne?

Ƙaramin yaro da zai yi wasa a ƙasa da abokai, bar shi da na tebur, sai dai a gaya masa gaskiyar abin da yake riƙe da shi don kar ya ba da na gaske a musanya masa da roba. Yaron da ya fara wayo, yana tambayar lamba da jeri, a kawo masa 146/165 da Faransanci tare da ledoji. Babban da ya taso da waɗannan tsuntsaye yana son abin tunawa, ya ɗauki Fossil: marar ƙyalli in ba ya son ɗawainiya, mai ƙyalli na gama-gari in zai iya kula da shi. Mai son abin da zai nuna wa baƙi su ce kai, kuma jaka 65 ba za ta taɓa cefanen gidansa ba, ya nemi na Galar ko na tsuntsaye uku, amma ta hannun wanda zai gani da ido kafin a biya. Tantacce a rufe na wanda yake da ƙafa a Turai ne, wanda in ya tashi sayarwa yana da inda zai kai. Wanda kuma yake neman inda zai ajiye kuɗi su haihu, ni dai da rago zan ba shi shawara, don shi ana sayensa a nan kowace ranar kasuwa.

Baffan yaron Yuro 30 ya ware. Na rubuta masa lambobi a saƙo: 146/165 da Faransanci, 27/62 mai lafiyar baya, ledoji ɗari da gidan roba goma, canjin kuma ya haɗo Artikodin da Électhor masu arha. Ɗan yayata da ya ji jerin sai ya ɓata rai, wai ba mai zinari a ciki. Na ce masa mai zinarin ai yana da shi, ya ci gaba da sa shi a aljihu.